Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Kogin Merrimack da Ƙazantar Garuruwansa

Shekarun baya na taɓa kwanciya har mako uku da zazzaɓin taifot. Da na fara samun sauƙi, likitan da yake duba ni ya tambaye ni inda muke ɗiban ruwan sha. Na gaya masa. Sai ya kaɗa kai ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba, abin da ya fito daga cikin wani shi ya shiga cikinka." Maganar ta yi mini nauyi ƙwarai, har na ji ta kamar zagi, amma daga baya na gane gaskiya tsantsa ya faɗa mini. Ƙwayar taifot ba ta da mazauni a jikin akuya ko kaza ko sauro. A jikin ɗan Adam kaɗai take zama, ta bayan gida take fita, ta baki kuma take shiga. Saboda haka duk wanda ya kamu da ita, akwai wani mutum can baya wanda bai taɓa gani ba, akwai kuma hanyar da ta sada su, sau da yawa kuwa hanyar nan ruwa ce.

Tun daga lokacin na shiga karance-karance a kan yadda garuruwa suke yi da ƙazantarsu, da abin da ke samun waɗanda suke zaune a gangarensu. Abin da nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan 'yar maƙala shi ne tarihin kogi guda a arewa maso gabashin Amurka, wanda ake kira Merrimack. Na zaɓe shi ne domin a bakinsa aka tabbatar, tun wajen 1890, cewa ƙaramin gari yana iya tsabtace ruwan ƙazantarsa da abin da bai wuce yashi da iska ba. Amma shi kansa kogin sai da ya yi kusan shekara 90 yana jira kafin manyan garuruwan bakinsa su yi aiki da wannan ilmi. Abin da ya jawo wannan jinkiri shi ne ya fi damuna.

Kogin da garuruwansa

Merrimack ya faro ne daga garin Franklin a jihar New Hampshire, inda wasu koguna biyu suka haɗu. Daga nan ya gangara kudu ya ratsa Concord da Manchester da Nashua, ya shiga jihar Massachusetts, ya karkata gabas ya wuce Lowell da Lawrence da Haverhill, sa'an nan ya faɗa teku a Newburyport. Tsawonsa mil 117 ne ko kusa da haka. Mai karatu ya riƙe jerin sunayen nan, domin duk labarin a kansu yake: kowane gari yana ƙasan wani, yana kuma saman wani.

Lowell da Lawrence garuruwa ne da masu masaƙu suka kafa don ƙarfin ruwan kogin ya juya musu injuna, Lowell cikin shekarun 1820, Lawrence kuwa daga 1845, lokacin da Kamfanin Essex ya soma gina babbar madatsar dutse a wurin. Ma'aikata suka yi ta tururuwa, har ƙidayar 1890 ta sami mutum 77,696 a Lowell, 44,654 kuma a Lawrence. Cikin shekarun 1870 garuruwan biyu suka kafa famfo, suna jawo ruwa daga kogin. To, shigar famfo gida tana da wutsiya, domin ruwan da ya shiga dole ya fita. Salgar da a dā take shanye abin da aka zuba mata sai ta riƙa cika tana tumbatsa, saboda haka aka haƙa magudanai a ƙarƙashin tituna, aka kai bakinsu kogi. Kowane gari ya yi dabara iri ɗaya: ya sa bututun sha a samansa, ya sa bakin magudana a ƙasansa. Lowell ta yi haka, Lawrence ma ta yi haka. Abin da aka kau da kai daga gare shi kawai shi ne, ƙasan Lowell shi ne saman Lawrence, tsakaninsu kuwa mil tara ne.

Kada mu ɗauka mutanen zamanin wawaye ne. Suna da hujjarsu, watau ruwa mai gudu yana wanke kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kamar yadda za mu gani nan gaba, shi ya sa ma maganar ta daɗe. A 1878 majalisar Massachusetts ta yi doka ta hana zuba ƙazanta a kowane rafi ko tafkin da ake sha, in dai wurin zubawar bai kai nisan mil 20 daga bututun shan ba. Amma cikin dokar nan aka tsame kogin Merrimack da na Connecticut, da ɓangaren kogin Concord da ke cikin Lowell. Watau an tsame kogunan da masaƙu suka fi yawa a kansu. Ni dai ban ga yadda za a ce wannan haɗuwa ce kawai ba.

Gidan gwaji na Lawrence

A 1886 aka sake wa Hukumar Lafiya ta jihar fasali, aka ɗora mata alhakin kula da tsabtar koguna da tafkuna. Cikin membobinta akwai wani injiniya mai suna Hiram Mills, wanda shi ne babban injiniyan Kamfanin Essex. Shi ya jagoranci kafa gidan gwaji a bakin kogin a Lawrence cikin 1887. Ya jawo malamai daga babbar makarantar fasaha ta MIT da ke Boston a lokacin: Thomas Drown masanin sinadarai, da William Sedgwick masanin halittu. Aka kuma ba wani saurayi Allen Hazen riƙon aikin yau da kullum, alhali bai ma cika shekara 20 ba.

Akwai mace guda da ya kamata a ambata, Ellen Swallow Richards, wadda ita ce mace ta farko da MIT ta ɗauka ɗaliba. Ita ta auna dubban kwalaben ruwa da aka ɗebo daga ko'ina cikin jihar. Dabararta ta burge ni don sauƙinta. Mutum yana cin gishiri, yana kuma fitar da shi. Ta fara gano yawan gishirin da ya kamata a samu a ruwa mai tsabta gwargwadon nisansa da teku, ta zana taswira. Daga nan duk rijiya ko rafin da gishirinsa ya zarce na taswirar, an san da hannun mutane a ciki, ko da ruwan ya yi garau kamar idon zakara.

Aikin gidan gwajin kansa kuwa ba wani abin ƙawa ba ne. Manyan tankunan katako guda goma aka kafa, aka cika wannan da yashi mai gautsi, wancan da mai laushi, wani da tsakuwa, wani da ƙasar noma, wani da baƙar ƙasar fadama. Aka jawo ruwan magudanar garin ana zuba musu, ana tarar abin da ya tsiyaye ta ƙasa ana aunawa, rani da damina, shekara da shekaru. Tunanin ba nasu ba ne tun asali. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Frankland, ya nuna tun 1870 cewa ƙasa tana tsabtace ƙazanta in ana zuba mata ana hutar da ita, wasu Faransawa biyu kuma, Schloesing da Müntz, sun nuna a 1877 cewa abu mai rai ne ke yin aikin, domin da suka busa wa yashin maganin sa barci sai aikin ya tsaya cik. Abin da mutanen Lawrence suka ƙara shi ne awo: wace irin ƙasa, zurfi nawa, ruwa nawa a yini, hutu nawa.

Ga abin da rahotonsu na 1890 ya tabbatar. Yashi ba rariya ba ne kawai mai tare datti. Gida ne. A jikin kowace ƙwayar yashi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ƙazantar nan ita ce abincinsu, suna cinye ta su mai da ita gishirin taki marar wari. Amma halittun nan suna bukatar iska. In aka zuba ruwan ƙazanta aka bar shi ya tsiyaye, iska ta biyo bayansa ta cika ramukan yashin, sai aiki ya yi ta tafiya ba tare da yashin ya gaji ba. In kuwa aka yi haɗama aka riƙa kwarara masa ba hutu, sai halittun su shaƙe, yashin ya toshe ya yi ɗoyi. Baƙar ƙasar fadama ba ta yi ba sam, yashi mai gautsi shi ya ci gasa. Eka guda ta irinsa tana ɗaukar ƙazantar ɗaruruwan mutane, har zuwa kusan dubu. Ga babban birni wannan fili ne mai yawa, amma ga ƙaramin gari mai jeji a bayansa abu ne mai yiwuwa, ba ya kuma bukatar injuna masu tsada.

Wasu garuruwa sun yi, kuma ina so mai karatu ya lura da dalilin da ya sa suka yi. Framingham gari ne da mutanensa ba su kai 10,000 ba, amma ƙazantarsa tana gangarawa wajen ruwan da birnin Boston yake sha. A 1889 ta kafa filayen yashi, ana tura ƙazantar can da famfo, Boston kuwa ta sa hannu a aljihu ta biya wani kaso na kuɗin. Haka aka yi da Marlborough. A wani gefen jihar kuma labarin ya juya: babban birnin Worcester ne a sama, ƙaramin garin Millbury a ƙasa, a kan kogin Blackstone. Mutanen Millbury suka yi ta kai kuka har majalisa ta yi doka a 1886 ta ba Worcester wa'adin shekara huɗu, a 1890 kuwa ta buɗe wurin kwantar da dattin da farar ƙasa. Ko a hakan ma sai da suka kai ga kotu daga baya. Ashe ke nan abu biyu ne ke sa na sama ya tsabtace ruwansa: ko dai na ƙasa mai kuɗi ne ya biya shi, ko kuwa hukuma ta taka masa wuya. A kan Merrimack babu ko ɗaya.

Annobar 1890

Cikin kakar 1890 taifot ya ɓarke a Lowell. Dā ma garin ya saba da ita, domin Lowell da Lawrence su ne kan gaba a jihar wajen mutuwar taifot, amma wannan karon ta wuce misali. Hukumar ruwa ta garin ta kira Sedgwick. A lokacin an riga an san ƙwayar cutar, Eberth ya gan ta a 1880, Gaffky kuma ya rene ta a kwalba a 1884, amma kama ta a cikin kogi abu ne mai wuyar gaske. Saboda haka Sedgwick ya yi aiki da ƙafa. Shi da mataimakansa suka bi gida gida suna tambaya: yaushe ciwon ya fara, wane ruwa ake sha, wa ke kawo madara. Masu ciwon ba su haɗa mai madara ba, ba su haɗa rijiya ba, ba su haɗa unguwa ba. Famfon gari kaɗai suka haɗa.

Sai ya bi kogin sama. Wajen mil uku daga bututun shan Lowell akwai wani rafi mai suna Stony Brook da ke shiga kogin a ƙauyen North Chelmsford. A nan ya tarar an yi 'yan masu taifot kaɗan a ƙarshen bazarar shekarar, makonni kafin ta bayyana a Lowell. Ya kuma tarar da bandakunan ma'aikata an kafa su a kan rafin, ba rami ba komai, abin da aka yi ya faɗa ruwa kai tsaye. Da ya jera ranakun, sai suka yi daidai da kwanakin da cutar kan ɗauka a ɓoye cikin jiki kafin ta nuna kanta, watau wajen mako biyu.

Nan ne wurin da nakan tsaya in yi tunani. Mutanen ƙauyen nan ba mugaye ba ne. Marar lafiya ne ya ji cikinsa ya murɗa ya shiga inda kowa ke shiga. Bai san kowa a Lowell ba, bai kuwa yi nufin kowa da sharri ba. Amma 'yan mutanen da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba sun kwantar da ɗaruruwa a birnin da ya ninka ƙauyensu sau da yawa. Su kuma marasa lafiyan Lowell nasu ya bi magudana ya koma kogi, bayan 'yan makonni sai ga annoba a Lawrence. Ƙanƙantar gari ba ta rage masa nauyin da ke kansa ba ko kaɗan. Abin da ke da muhimmanci shi ne inda yake zaune a kan ruwan.

Me aka yi? Lowell ta bar shan kogin ta koma rijiyoyin burtsatse. Lawrence ba ta da wannan zaɓi, sai Mills ya tsara mata matatar yashi mai faɗin eka biyu da rabi, aka buɗe ta a watan Satumba na 1893. Mutuwar taifot ta faɗi da kusan kashi huɗu cikin biyar, cikin ragowar ma an sami waɗanda suke shan ɗanyen ruwan da ke bi ta masaƙu a wurin aiki. Mills ya kuma lura da wani abin mamaki, cewa mutuwa daga wasu cututtukan ma ta ragu, musamman ta jarirai. Wani likita a Hamburg ta Jamus, Reincke, ya ga irin haka bayan birninsu ya soma tace ruwa a shekarar, har aka haɗa sunayensu biyu aka raɗa wa abin.

Wannan nasara ce babba, ba mai musu. Sai dai a duba da kyau: abin da aka tace shi ne ruwan da ke shiga gari. Wanda ke fita kuwa ba a taɓa shi ba. Lawrence, garin da duniya ke zuwa koyon tsabtace ƙazanta, ta ci gaba da zuba tata ɗanya a kogi, ta gangara wa Haverhill da Newburyport.

Wa zai biya?

Aka shiga muhawara mai zafi a Amurka, likitocin hukuma a gefe guda, injiniyoyi a ɗaya gefen. Likitoci suka ce bai halatta gari ya mai da kogi masai ba. Injiniyoyi, da Hazen a gabansu, suka ce a yi lissafi. A wani littafi da ya buga a 1907, Hazen ya nuna cewa in dai ceton rai ake nema, tace ruwan sha ya fi tsabtace ƙazanta araha nesa ba kusa ba. A 1908 aka fara zuba sinadarin kulorin a ruwan Jersey City, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai hujjar injiniyoyi ta ƙara ƙarfi. Da hukumar lafiya ta Pennsylvania ta matsa wa birnin Pittsburgh ya tsabtace ƙazantarsa, Hazen da abokin aikinsa George Whipple aka ɗauka, suka ba da rahoto a 1912 cewa ya fi sauƙi garuruwan gangare su tace abin da suke sha. Injiniyoyi suka yi rinjaye.

A ganina lissafin Hazen daidai ne, tambayarsa ce ta yi ƙunci. Ya tambayi yadda za a hana mai famfo mutuwa. Bai tambayi halin masunci ba, ko yaron da ke wanka a kogi, ko ƙauyen da ba shi da kuɗin matata, balle shi kansa kogin. Akwai kuma abin da ya sa shugabannin garuruwa suka rungumi maganarsa hannu bibbiyu. In gari ya kashe kuɗi a matatar ruwan sha, waɗanda suka biya harajin su ke shan amfanin, su ne kuma masu jefa ƙuri'a. In ya kashe a matatar ƙazanta, amfanin ya tafi wurin baƙi a gangare. A kan Merrimack ma har da ƙarin matsala, domin Manchester da Nashua suna wata jiha, dokar Massachusetts ba ta hawa kansu.

A wannan tsakani ilmi bai tsaya ba. Gwajin tsakuwa da aka yi a Lawrence ya taimaka wajen ƙirƙiro matatar da ake yayyafa wa ƙazanta a kan tarin duwatsu, wadda ba ta cin fili kamar yashi. A 1912 Clark da Gage suna gwada busa iska cikin ruwan ƙazanta a gidan gwajin, sai wani malami daga Manchester ta Ingila, Gilbert Fowler, ya kawo ziyara ya gani. Da ya koma gida ya sa Ardern da Lockett su bi sawu. Su kuwa suka gano cewa in aka adana lakar da ta kwanta aka mayar da ita cikin sabon ruwa, aikin makonni yana komawa na sa'o'i, domin lakar nan cike take da halittun da suka riga suka saba da abincin. Suka bayyana haka a 1914, kuma da wannan hanya mafi yawan manyan matatun duniya suke aiki har yau. Ashe abin da ake yi a tankin zamani shi ne dai abin da ake yi a yashin Framingham, an dai matse shi wuri guda an ba shi iska da inji.

Bari in koma kan maganar ruwa mai gudu. Gaskiya ne kogi yana wanke kansa, domin halittun nan suna cikinsa. Amma da iskar oksijin da ta narke a ruwan suke aiki, ita ce kuma kifi ke shaƙa, ba ta kuwa da yawa. Lita guda ta ruwan kogi mai sanyi-sanyi wajen miligiram tara take riƙewa, in ruwan ya yi ɗumi ma ta ragu. Lita guda ta ɗanyar ƙazantar gari kuwa tana cin miligiram 200 ko fiye cikin kwana biyar. Watau bokiti guda na ƙazanta yana shanye numfashin bokiti fiye da 20 na ruwa mai kyau. In kogin babba ne, garin ƙarami, sai ya farfaɗo bayan 'yan mil. In garuruwa suka jeru kusa da juna, kafin ya farfaɗo daga na farko na biyu ya ƙara masa. Wani kwamitin sarauta a Ingila ya yanke a 1912 cewa abin da matata za ta saki kada ya ci fiye da miligiram 20, bisa sharaɗin kogin ya ninka shi sau takwas.

Sharaɗin nan na ninki takwas don kogunan da ba sa ƙafewa aka yi shi. Wanda ya san Jakara a Kano da rani ya san kogin da kusan duk abin da ke gudu a cikinsa daga kwatocin birni ya fito, ga masu lambu suna ban ruwa da shi, ga madatsar Wasai tana jiransa a gaba. A irin wannan wuri babu ruwan da zai ninka komai, saboda haka hujjar Hazen ma ba ta da wurin tsayawa.

Bayan shekara saba'in

Zuwa shekarun 1960 ana lissafa Merrimack cikin kogunan da suka fi ƙazanta a Amurka. Wani reshensa, kogin Nashua, yakan canza launi gwargwadon rinin da masana'antun takarda na Fitchburg suka zuba a ranar, yau ja gobe shuɗi. Wata matar aure a garin Groton, Marion Stoddart, ta ce ba za ta saɓu ba. Ta tara sa hannun dubban mutane, ta cika kwalba da ruwan kogin ta kai wa gwamnan jihar, John Volpe. A 1966 Massachusetts ta yi dokar tsabtar ruwa, a 1969 kuma Stoddart da abokanta suka kafa ƙungiyar kare kogin Nashua.

Abin da ya warware ƙullin kuwa daga gwamnatin tarayya ya zo. A watan Oktoba na 1972 majalisar Amurka ta zartar da dokar tsabtar ruwa, Shugaba Nixon ya ƙi sa hannu don tsadarta, majalisa ta tsallake shi da rinjaye. Dokar ta haɗa abubuwan nan biyu da muka gani a Framingham da Worcester. Ta hana kowa, gari ko masana'anta, sakin ƙazanta a kogi sai da takardar izini mai ƙayyade abin da zai saki, ta kuma wajabta wa garuruwa tsabtacewa irin ta halittu. Sa'an nan ta ce gwamnatin tarayya za ta biya kashi 75 cikin 100 na kuɗin ginin, aka ware dala biliyan 18. Tun da na sama da na ƙasa duk suna biyan harajin tarayya, gardamar wa zai biya ta faɗi. Babu wani sabon ilmi a cikin dokar nan wanda Mills da Hazen ba za su gane ba.

Nan da nan aka shiga gini. Lawrence da maƙwabtanta suka haɗa kai suka buɗe matatarsu a North Andover cikin 1977, shekara 90 cif bayan kafa gidan gwajin. Ta Lowell ta fara aiki a 1980, kuma cikin garuruwan da ke tura mata ƙazantarsu ta bututu har da Chelmsford, mai ƙauyen nan na bakin Stony Brook. Can sama kuma, inda kogin ya faro, ƙananan garuruwa goma na yankin tafkuna, waɗanda ba ɗayansu da zai iya shi kaɗai, aka haɗa su da dogon bututu zuwa matata guda a Franklin, jihar New Hampshire ce ke gudanar da ita, ta kuwa soma aiki a ƙarshen shekarun 1970. Kifi ya dawo, aka koma tuƙa kwale-kwale a inda dā ake toshe hanci.

Sai dai tsofaffin magudanan nan na ƙarni na 19 suna nan a ƙarƙashin Manchester da Nashua da Lowell da Lawrence da Haverhill, kuma a tsofaffin unguwanni bututu guda ne ke ɗaukar ruwan sama da na bandaki. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, matata ba ta iya ɗauka, sai rarar ta bi ta tsofaffin ƙofofi ta faɗa kogi ɗanya. Raba bututun yana nufin tone titunan gari ɗaya bayan ɗaya, aikin shekaru da miliyoyin daloli, kuɗin tarayya kuwa tun ƙarshen shekarun 1980 akasarinsa ya koma rance. Mutum fiye da rabin miliyan ne suke shan kogin, ciki har da Lowell, wadda ta koma masa bayan rijiyoyinta sun kasa. A watan Janairu na 2021 Massachusetts ta yi doka cewa duk garin da ƙazantarsa ta ɓalle zuwa kogi, dole ya sanar da jama'a cikin sa'a biyu da ganowa. Saboda haka yanzu in hadari ya sauka a Lowell da dare, saƙo yakan shiga wayoyin mutanen gangare kafin gari ya waye, har da na Lawrence, wadda bututun shanta yake nan inda ruwan Lowell ke wucewa.